Yadda za ka sayi mota a Katsina, ka kuma iya sayar da ita ranar da ta kama

Wani ƙanena da muke unguwa ɗaya nan wajen Kofar Kaura ya tare ni bayan la'asar ya ce Yaya na ɗan tara abun da na tara ina so in sayi mota, wacce kake ganin ta dace da ni, kafin ma in buɗe baki har ya ciro waya yana nuna mani hoton wata baƙar Mercedes mai manyan rim da baƙin gilas wai wani abokinshi ya turo mashi daga Kano. Na ce mashi samu wuri ka zauna. Abun da na gaya mashi ranar shi zan rubuta anan don kusan duk wata sai wani ya yi mani wannan tambayar. Ni ba dillali ba ne ba kuma bakanike ba, amma na sayi mota huɗu na sayar da uku, kuma ɗaya daga cikinsu ta cinye mani kuɗin da na yi shekara biyu ina tarawa, shi yasa maganar nan ba na ɗaukarta da wasa.

Tambayar farko da na yi mashi ita ce, in yau ka sayi motar nan, bayan wata takwas wata lalura ta taso, rashin lafiya ko auren ƙanwa ko kuɗin makarantar yara, wa zai saye ta daga hannunka cikin sati ɗaya? Ya yi shiru. To ai nan maganar take. Mu anan mota ba abun hawa ce kawai ba, ajiya ce kamar yadda mutumin ƙauye ke ɗaure sa ko rago, ranar da abu ya matse ita ake fara kallo. Motar da za ka kai bakin titi ka ajiye dillalai biyar su zagaye ta kafin azahar daban take da wadda za ta yi wata uku tana shan ƙura kowa ya zo ya ce kai ta yi kyau, ya juya ya tafi.

Sai maganar kuɗi. Kar ka taɓa kwashe duk abun da ke hannunka ka zuba a kuɗin motar. A ce miliyan 6 gare ka, to ka nemi ta miliyan 5 ko ƙasa da haka, sauran ka riƙe, don babu motar hannu da za ka saya ba ta nemi wani abu ba a watan farko, ko taya ko batir ko shokozoba ko gas ɗin esi, ga canjin takardu ga la'adar dillali ga juyen baƙin mai. Kuma ka yi lissafin mai tun kafin ka saya ba bayan ka saya ba. Kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wannan abun shi ya juya kasuwar mota gaba ɗaya, masu silinda shida da a da ake alfahari da su suka koma ana neman kai da su, ƙananan masu silinda huɗu suka yi tsada. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, ka zauna ka lissafa zuwa da dawowa a motar da kake so, in lissafin ya sa gabanka ya faɗi to motar ba taka ba ce tukuna.

Yanzu wace mota. Ra'ayina ne zan faɗa kuma na san akwai waɗanda ba za su yarda ba. In kuɗin guminka ne kuma motarka ta farko ce, ka fara duba Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, ko 'yan uwanta Toyota Matrix da Pontiac Vibe. Mutane da yawa ba su san Vibe ɗin nan sunan kawai ne na Pontiac ba, injinta da giyarta na Toyota ne, injin 1.8 ɗin nan da ke cikin Corolla shi ne a cikinta, shi yasa ta karɓu a Arewa haka, ga ta da ɗan tsayi daga ƙasa ba ta gogar ciki a lungunan cikin gari lokacin damina, ga bayanta na ɗaukar buhu. Waɗannan motocin duk garejin da ka shiga daga Katsina har Mai'adua akwai yaron da ya san su, kayan gyaransu kuma ba sai an aika Legas ba. Tsadarsu ita ce matsalarsu, za ka ga tsohuwar mota mai shekara ashirin ana kiran kuɗin da zai ba ka haushi, amma tsadar nan da ta ba ka haushi ranar saye ita za ta faranta maka rai ranar sayarwa.

Camry kuma ka bambance. Wadda ake kira Big Daddy, ta 2002 zuwa 2006, jaka ce wajen juriya. Wadda ta biyo ta, Muscle, ta 2007 zuwa 2011, ta fi kyan gani nesa ba kusa ba amma masu injin 2.4 na shekarun farko an san su da shan baƙin mai, kuma dashbod ɗinsu na narkewa ya yi danƙo in rana ta dake shi, mu kuwa rana ba ma neman ta aro. Ba cewa nake kar a saya ba, cewa nake in za ka saya ka san abun da za ka duba. Honda Accord, wato su EOD da Discussion Continues da Evil Spirit, wallahi akwai daɗin tuƙi, samarinmu na son su kuma suna da gaskiya, sai dai ƙafar gaba ce lagonsu, bol join ɗin in aka sa na jabu ko aka ƙyale shi ya gaji to tayar na iya ficewa ta kwanta ana cikin tafiya, duk mai bin hanya ya taɓa ganin Honda ta durƙusa a bakin titi. Kuma masu V6 na wajajen 2003 giyarsu ta otomatik na ba da wahala. In Honda ranka ke so ka nemi mai silinda huɗu, ka riƙa duba ƙafa akai akai da kaya masu kyau, za ka ji daɗinta.

Peugeot 406 kuwa har gobe tana da masoya a Katsina, musamman dattawa da tsofaffin ma'aikata da suka saba da Peugeot tun zamanin 504 da ake haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna, kuma gaskiya a kan doguwar hanya kwanciyarta daban ce. Amma ka nemi mai giyar hannu, otomatik ɗinta ba kowane bakanike ke iya mata ba, kuma sai kana da mai wayarin ɗin da ya san ta. Golf 3 da Sharon na masu haya ne, in sana'a za ka yi da su wannan wani lissafi ne daban. Mercedes da BMW da irinsu ban hana mai hali ba, wanda yake da wata motar a gida kuma in an ce kayan gyara sai an jira sati biyu ba zai dame shi ba. Amma ma'aikacin da ke jiran albashi ya ɗauki tsohuwar Mercedes don a ce ya hau Mercedes, na ga mutum uku da suka yi haka kuma dukkansu motar ta ƙare a kan duwatsu a ƙofar gida, yara na wasan ɓuya a bayanta.

Maganar kwalliya da kala ita ce inda samari suka fi zubar da kuɗi ba su sani ba. Fara da silba da ruwan toka su suka fi saurin fita a kasuwa. Baƙa tana da kwarjini ranar da aka wanke ta, amma ka tuna watan Maris zuwa Mayu anan zafi na haura digiri 40, ka ajiye baƙar mota mai kujerun leda a rana awa biyu ka dawo ka gani ko za ka iya riƙe sitiyari, in hunturu ya shigo kuma ka wanke da safe kafin azahar ta koma ja. Ja da kore da ruwan ɗorawa kuwa sai ka jira mai son su ya zo, kuma in ya zo ya san ba ka da wani mai saye, shi zai yanka maka farashi. Manyan rim da siririyar taya kyau ne a hoto kawai, rami ɗaya a hanyar ƙauye ya isa ya lanƙwasa rim ɗin ya fasa tayar. Mai buɗaɗɗen rufi ita ma in robar ta bushe da rana sai ƙura da ruwan sama su riƙa shigo maka. Duk kuɗin da ka kashe wajen ƙarin fitilu da manyan sifiku da canza salansa don ta yi ƙara, ranar sayarwa ko sisi ba za a ƙara maka ba, wani ma cewa zai yi motar yaro ce an wahalar da ita ya rage. Baƙin gilas kuma in ba daga kamfani ya zo ba ka shirya tsayawa a shingen 'yan sanda, ga halin tsaron da muke ciki, ni a ganina wannan ba lokacin jawo ido ba ne a kan hanya.

Akwai kuma abun da ake yi yanzu na canza wa mota fuska, a ɗauki ta 2008 a sa mata bamba da fitilu da gaban ta 2012 a kira maka kuɗin 2012. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, tana nan ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara, daga 2001 zuwa 2009 lamba ce 1 zuwa 9, 2010 harafin A ne, 2011 B, 2012 C, haka dai. Na farkon kuma ƙasar da aka ƙera ta, J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus. Ka ƙirga da yatsanka a gaban mai motar ba kunya a ciki. Ka kuma tabbata lambar gilas da ta ƙofa da ta takarda duk iri ɗaya ce, in ɗaya ta saɓa ko ka ga alamar an kankare an sake bugawa, ka yi sallama ka kama hanyarka ko nawa aka rage maka.

Beljiyam, wato wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, ko ta hannu wadda aka riga aka hau anan gida? A da amsar a bayyane take, kowa Beljiyam yake so, a sauko da ita daga Kwatano ta biyo ta Nijar ta Maraɗi ta shigo ta Jibiya ko ta Kongolam wajen Daura. Amma tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa sai ta tashar jirgin ruwa, sannan aka rufe boda a Agusta 2019, ta Jibiya ma ba a buɗe ba sai 2022, aka sake rufewa na wasu watanni bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Ga dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da dala ake sayo motar da dala ake lissafin duti. Shi yasa Beljiyam ta fi ƙarfin yawancinmu, aka koma kan ta hannu. Kuma ni ban ga aibu a nan ba, motar da wani malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ya hau shekara huɗu daga gida zuwa wajen aiki, ka san shi ka san bakanikenshi, ta fi mani Beljiyam ɗin da ban san abun da ya same ta a can ba. Don da yawan waɗanda ake kawowa daga Amurka a gwanjon motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye ake sayo su, a gyara a fesa fenti. In Beljiyam ɗin Amurka ce ka biya ɗan kuɗi a duba maka lambar shasin a intanet, irin su Carfax, wani lokacin ma in ka rubuta lambar kawai a Google sai hotunanta na wajen gwanjo su fito ka ga yadda gabanta ya ragargaje.

Takardu kuwa, dan Allah ka ba su muhimmanci fiye da fenti. Mu da ke bakin boda mun fi kowa sanin motar da ba ta da duti, tana da araha mai jan hankali, za a ce maka ai cikin gari kawai za ka riƙa yawo ba wanda zai tare ka, to ranar da rashin lafiya ta sa dole ka kai mahaifiyarka asibiti Kano fa? Kwastan na kan hanya, in suka karɓe ta kuɗin fito da ita zai iya fin abun da ka yi murnar ragewa. Ka karɓi takardar kwastan ka je ofishinsu da kanka ko ka aiki wanda ka yarda da shi a duba lambar a na'urarsu, don takardar jabu ta yi yawa kuma da ido ba ka bambancewa, akwai kuma wadda an biya dutin amma na wata ƙaramar shekara aka biya. In ta hannu ce ka duba sunan da ke kan shaidar mallaka da lasin ɗin mota, shin shi ne mai sayar maka? In ba shi ba ne ina takardar da ta nuna yadda ta zo hannunshi? Motar sata haka take yawo hannu zuwa hannu, wanda aka kama ta a wajenshi shi ke kwana a caji ofis. Kada kuma ka sayi wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama kuma mota mai sitiyari a dama ba ta halatta ba, juyin da ake yi a gareji kuwa wasa da rai ne.

Bari in ba ka labarin tawa da na ce ta cinye mani kuɗi. Wani dillali ya kira ni ya ce ga mota a Kano mai ita na sauri zai biya kuɗin kujerar Makka, in ban zo yau ba gobe babu. Na isa bayan magariba, ban tafi da bakanike ba, na tarar an riga an tayar da ita tana aiki, injin an wanke shi fes yana ƙyalli, muka zaga layi biyu na ji shiru na biya. Washegari na kamo hanya, ban kai Gidan Mutum Ɗaya ba allurar zafi ta haye sama, tururi ya turnuƙe bonet. Gaskit ya riga ya ƙone tun a hannunsu, kan injin ya lanƙwashe, sun san da haka shi yasa suka ɗumama ta kafin in zo suka kuma hana ni doguwar tafiya. Sai da na sayi wani injin. Kuɗin da na ware don gyaran ɗakin iyalina su suka tafi a nan, kuma har yau in na tuna raina na ɓaci, don wanda ya yi mani haka mun yi sallah sahu ɗaya da shi a daren.

Saboda haka ga yadda ake dubawa. Da safe za ka je, da hasken rana, ka ce kar a tayar da ita sai ka zo, in ka isa ka ɗora hannu a kan injin ka ji ko da sanyinshi. Ka tafi da bakanikenka naka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali zai ce ga wani nan kusa ba. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba ka kalli dashbod, fitilar injin da ta ABS da ta iyabag dole su kama dukkansu, in ka tayar kuma su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko to an cire ƙwan ne ko an toshe don a ɓoye matsala. Sannan a sa na'urar sikanin, kuɗinta kaɗan ne, yanzu masu wayarin da yawa a gari suna da ita. Ka sa wani ya taka totur kai kana baya kana kallon salansa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi injin na ƙona baƙin mai ne, fari mai kauri da bai tsayawa bayan ta ɗumama ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, baƙi kuma mai take sha fiye da ƙima. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinshi, in ka ga abu kamar kunun gyaɗa to ruwa ya haɗu da mai. Tun injin na da sanyi ka buɗe lagireto, a tayar, in ruwan na ta kumfa yana tasowa gaskit ne, amma kar ka kuskura ka buɗe shi da zafi. Man giya ka zaro ka shinshina, mai lafiya ja-ja ne, in ya yi baƙi yana warin ƙonewa giyar ta kusa.

Jiki kuma ka samu ɗan maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle ka bi ƙofofi da gefuna, inda aka cika fila, abun da masu gyaran jiki ke shafawa su rufe inda ya lotsa kafin fenti, ba zai kama da kyau ba. Ka duba tazarar da ke tsakanin bonet da gefe, hagu da dama su zama daidai, ka duba notocin da suka riƙe su ko akwai sawun sifana. Ka ɗaga kafet ɗin but ka ciro safaya ka kalli ramin, motar da aka daka ta baya a nan take tona kanta. Ka zura hannu ƙarƙashin kujeru, in ƙarfen ya yi tsatsa ko ka ji busasshen laka ko warin rima to ta sha ruwa, kuma motar da ta sha ruwa wayarin ɗinta ba ya ƙarewa da ba da wahala, yau gilas gobe esi jibi ta ƙi tashi. A hau da ita kan rami a leƙa ƙasa, waɗanda suka fito daga Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara na cinye masu ciki. A nan ne kuma za ka duba ko katalis ɗin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi, yana nan, don ana cire shi a sayar saboda yana da kuɗi. Lambar tafiyar da ke dashbod kar ka yarda da ita ɗari bisa ɗari ana mayar da ita baya, ka gwada ta da yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka cinye, kuma ka lura ta Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Taya ma tana da ranar haihuwa, lamba huɗu a gefenta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, kuma 'yan Rod Sefti shekara huɗu suke ba taya.

Sai tuƙi, kuma ba zagayen layi ba. Ka hau ring rod ko ka miƙa hanyar Dutsinma har wajen jami'ar Umaru Musa Yar'adua ka dawo, esi a kunne, rediyo a kashe don ka ji kowace ƙara. Ka ji yadda giya ke shiga, in tana fizga ko tana jinkiri injin na ihu kafin ta canza akwai magana. Ka sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen wuri ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ɗan ƙarfi, ka bi ta kan hanya mai gargada ka saurari ƙafa. In kun dawo kar ka kashe, ka bar ta tana aiki minti goma sha biyar da esi ka zuba wa allurar zafi ido. Mai motar da ya ce babu mai a ciki ka sa mashi lita biyar daga aljihunka, wanda ya ƙi yarda a yi nisa da ita kuwa ya riga ya gaya maka abun da kake son sani.

Wajen ciniki ka sani sau da yawa tsakaninka da mai motar akwai dillali biyu ko uku kowa ya ɗora nashi. Dillanci sana'a ce kuma akwai masu amana a cikinsu sosai, haƙƙinsu ne a ba su la'ada, amma ka yanke la'adar tun farko a fili sannan ka nemi a haɗa ka da mai ita ko a waya ne. Kafin ka taya ka zaga wurare uku ko huɗu ka ji kuɗin irinta, ka kira wani a Kano ka ji nasu farashin. Duk abun da bakanikenka ya gano ka sa ya yi maka kuɗinshi, da shi za ka yi ciniki, ka ce Alhaji taya huɗu sun ƙare ga shokozoba ga esi ba sanyi, ga abun da za su ci, a cire mani. Wannan ya fi ka tsaya kana rantsuwar ba ka da kuɗi. In aka ce albarka ka ba da lambarka ka tafi, sau da yawa kafin ka kai gida waya za ta yi ƙara. Kuma a yadda na lura gab da Sallah da bayan kaka lokacin da kuɗin amfanin gona suka shigo hannu motoci sun fi tsada, in ba dole ba ka ɗan jira. Kalmar nan ta in ba ka biya yau ba wani na zuwa da kuɗi, ita ce dai aka gaya mani a Kano.

In an sallama, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai motar, kar ka ba da tsaba a leda. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi da lambar injin da kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu biyu kowane ɓangare su sa hannu, ka karɓi kwafin katin shaidarshi da makulli na biyu. Kar ka yi ta yawo da sunan wani a takarda shekara da shekaru, ka je ofishin lasin ka mayar da ita sunanka. Inshora mafi ƙaranci ta koma naira 15,000 tun Janairu 2023 daga 5,000, ka yi ta gaske wadda za ta fito in an duba a na'ura, ba wadda ake bugawa a gindin bishiya ba.

Daga ranar da ta shigo gidanka kuma ka fara shirin ranar da za ta fita. Ka juye baƙin mai da filta a satin farko ko me aka gaya maka. In 406 ce ko Golf ko Honda mai V6 ka canza bel ɗin taimin tunda ba ka san yaushe aka sa na ciki ba, in ya tsinke ana tafiya injin yake tafiya da shi, Corolla da Vibe da Camry mai 2.4 su sarƙa gare su ba wannan damuwar. Kar ka bari a cire maka tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi, injin zai riƙa shan mai yana cinye kanshi a hankali, kuma lagireto ruwan kulan ake zuba mashi ba ruwan rijiya ba. Ɗan ƙarcen da ɗan acaɓa ko mai Napep ya yi maka kar ka ce sai an fesa mota gaba ɗaya, masu saye fentin kamfani suke nema, da sun ga sabon fenti sai su ɗauka hatsari ta yi. Ka samu leda ɗaya ka riƙa tara rasit ɗin duk abun da ka canza. In ranar sayarwa ta zo kuma aka ba ka fiye da yadda ka saya kar ka yi saurin cewa ka ci riba, naira ce ta faɗi, ka fara tambayar kuɗin wadda za ka maye gurbinta da ita kafin ka karɓi kuɗin kowa. Kuma duk aibun da ka sani a jikinta ka faɗa wa mai saye da bakinka, ya rage abun da zai rage, kada ka yi wa ɗan wani abun da aka yi mani.

Ƙanen nawa dai Vibe ya saya, ruwan toka, a hannun wani ma'aikacin lafiya da aka yi wa canjin wajen aiki zuwa Funtua. Mun je da bakanike ƙarfe takwas na safe, ya gano ƙafar baya da batir, aka cire kuɗinsu daga ciniki, ranar Litinin ɗin da ta biyo baya ya kai takardun ofishin lasin.